Wane gwaji ne ɗalibi zai yi da hannunsa ya tabbatar duniya mulmulalliya ce?

Malama Hajara (malamar kimiyya): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman gwajin da ɗaliban sakandare za su iya yi da kayan da ke hannu, su fitar da lissafi da kansu cewa duniya a mulmule take. Hoton tauraron ɗan'adam ba ya gamsar da mai gardama, zai ce kwamfuta ce ta zana. Don Allah a ba ni mataki-mataki, da kuma wuraren da aikin ke lalacewa.

Safiyo Bello: Wa alaikumus salam Malama. A fara da sanda da inuwa, irin wanda masanin Girka Eratosthenes ya yi a Masar wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya san cewa a Aswan, ranar da yini ya fi tsawo, rana tana tsayawa daidai tsakar ka. A Iskandariyya kuma a wannan lokacin inuwa ta karkata da digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan sau 50, ya sami kewayen duniya.

Mu nan Kano da Makurɗi sun dace da aikin, don kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu. Kayan aiki: sanda madaidaiciya mai tsawon mita 1 daga ƙasa, zare da aka ɗaura wa ƙaramin ƙarfe, tef, alli, da daɓen siminti mai lebur. A kafa sandar, a saki zaren a gefenta a tabbatar ba ta jirkice ba. Daga 11:45 zuwa 1:15 a riƙa sa alama a bakin inuwar duk bayan minti biyar. Inuwar da ta fi gajarta ita ake so. A raba tsawon inuwa da tsawon sanda, a danna tan⁻¹ a kalkuleta.

Ranar 20 ko 21 ga Maris, ko 22 zuwa 23 ga Satumba, Kano za ta ba da inuwa kimanin santimita 21.3, digiri 12.0 ke nan. Makurɗi santimita 13.6, digiri 7.7. Bambanci 4.3. Nisa a miƙe kusan kilomita 475. Raba 360 da 4.3, ninka da 475, za a sami wajen 39,800. Ainihin kewayen ta arewa da kudu 40,008 ne.

Malam Habu Damagaram: Ƙari kaɗan a kan maganar Safiyo. Kada a auna da ƙarfe 12 na agogo a ce tsakar rana ce. Agogon Najeriya da Nijar an saita shi ne a kan digiri 15 gabas, Kano kuwa tana 8.5. Kowane digiri minti huɗu ne, rana ta makara da minti 26 ke nan. Sannan ita kanta ranar tana gaba ko baya da agogo gwargwadon wata. A Kano zawali yana kamawa wajen 12:33 a ƙarshen Maris, amma wajen 12:18 a ƙarshen Satumba. Masu kula da lokutan salla sun san wannan tun fil azal.

Idan ana son layin arewa da kudu ba tare da agogo ba, a zana da'ira kewaye da gindin sandar. A sa alama inda bakin inuwa ya shiga da'irar da hantsi, da inda ya fita bayan azahar. A haɗa alamomin biyu da layi, a raba shi biyu, a ja layi daga tsakiyarsa zuwa gindin sanda. Gobe duk lokacin da inuwa ta hau wannan layin, zawali ne.

Malama Hajara: Na gode. Dole sai Maris ko Satumba? Satumba hadari ba ya barin mutum.

Safiyo Bello: Ba dole ba ne. Kowace rana ta yi, muddin garuruwan biyu sun auna rana ɗaya. Disamba ma ta fi, sama garau kuma inuwa doguwa: ranar 21 ga wata Kano kimanin santimita 71, Makurɗi 60 da rabi. Tarkon yana cikin Afrilu da ƙarshen Agusta. Daga wajen 10 zuwa 21 ga Afrilu rana tana tsakanin garuruwan biyu, inuwar Kano ta nufi arewa, ta Makurɗi ta nufi kudu. A nan tara kusurwoyin ake yi, ba a ɗebe ɗaya daga ɗaya. Wanda ya ɗebe zai fito da duniyar da ta ninka tamu sau da yawa.

Injiniya Zainab: Abin da ya fi kashe wannan gwajin bakin inuwa ne. Rana ba ɗigo ba ce, faɗinta a sama rabin digiri ne, saboda haka bakin inuwar sandar mita 1 yana da dishi-dishi na kusan santimita 1. Kuskuren santimita 1 ya haura rabin digiri kaɗan. A cikin bambancin 4.3, wannan kashi 13 cikin ɗari ne, kilomita 5,000 sun tafi. Magani: a ƙusa wani ƙaramin falle na gwangwani a kan sandar, a huda shi da ƙusa, a riƙa bin tsakiyar ɗigon hasken da ya faɗo cikin inuwar. Sai dai a auna tsawo daga ƙasa zuwa hudar, a kuma auna inuwa daga inda zaren da aka sako daga hudar ya taɓa ƙasa, ba daga gefen sanda ba.

Na biyu, jirkicewa. Idan kan sandar ya kauce da santimita 1.7, digiri guda ya shiga lissafi kai tsaye. Na uku, daɓen da aka yi wa gangara don ruwa ya wuce. A zuba ruwa kaɗan a gani, ko a aro ma'aunin lebur wurin magina.

Malam Habu, yi haƙuri, in kana tunanin haɗa Kano da garinku Damagaram, ba za su yi ba. Digiri 1.8 ne kawai tsakani, kuskuren santimita ɗaya ya cinye kusan sulusin sakamakon. Agadas ta fi, tana digiri 17.

Malam Habu Damagaram: Na karɓa, Injiniya. A nemo makaranta a Agadas.

Dakta Lawal: Ni kuma zan ɓata muku biki. Wannan gwajin na garuruwa biyu bai tabbatar da siffar duniya ba, girmanta ya auna bayan an riga an yarda mulmulalliya ce, kuma rana tana nesa ƙwarai har haskenta yana zuwa a jere. Mai cewa a shimfiɗe take zai ce rana ƙarama ce, tana kusa, wajen kilomita 6,000 sama. Da wannan zai fitar da inuwar Kano da ta Makurɗi daidai da taku. Idan ɗalibi mai kai ya kawo wannan, me Malama za ta ce masa?

Aminu Gusau: Abin da nake jira a faɗa ke nan. Kuma nisan 475 ɗin daga taswirar waya aka ɗauko, wadda aka gina a kan cewa duniya ƙwallo ce.

Dakta Lawal: To ga yadda ake rufe ƙofar. A ƙara garuruwa, a bar mai gardama ya lissafa tsayin ranarsa daga kowanne. Ranar 21 ga Maris rana tana kan layin ikwaita. Idan ƙasa a shimfiɗe take, tsayin rana shi ne nisan gari daga ikwaita a raba da rabon inuwa da sanda, kuma dole amsa ta zama ɗaya ko'ina, tunda rana ɗaya ce. Ga abin da ke fitowa da sandar mita 1:

Kalaba, inuwa santimita 8.7, tsayin rana kilomita 6,340.
Kano, 21.3, kilomita 6,270.
Agadas, 30.6, kilomita 6,170.
Alƙahira, 57.7, kilomita 5,770.
Landan, 125.7, kilomita 4,550.

A lura da abu guda. Tsakanin Kalaba da Agadas bambancin bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, kuskuren awo zai haɗiye shi. Wato idan a yankinmu kaɗai aka tsaya, ba a kayar da kowa ba, don muna kusa da ikwaita. Sai an sami ɗalibinmu na Azhar ko ɗan'uwa a Ingila ya kafa tasa sandar. Da zarar lambar Landan ta shigo, rana ɗaya ta zama tana tsayi biyu a lokaci guda, 6,300 da 4,500. A lissafin ƙwallo kuwa duk garuruwan biyar suna ba da amsa ɗaya, kimanin kilomita 111 a kowane digiri.

Aminu Gusau: Da sauran maganar nisa, Dakta.

Dakta Lawal: Gaskiya ne. Ga wanda ba ya buƙatar taswira ko kaɗan. A sami bututun roba na ruwa mai tsawon mita 2. A rufe baki ɗaya da takardar alminiyam, a huda da allura, hudar kada ta wuce milimita 1. Ɗaya bakin a rufe da farar takarda marar kauri. A nuna bakin mai huda ga rana, ana saitawa ta hanyar duba inuwar bututun a ƙasa har ta zama zagaye. Kada kowa ya leƙa rana ta ciki, ido ba ya dawowa. A kan farar takardar za a ga hoton rana mai faɗin kusan milimita 19. A auna da zawali, a sake aunawa ƙarfe 5 na yamma.

Da rana tana kilomita 6,000 sama da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da ƙarfe 5 a Kano ta yi nisa fiye da ninki biyu da rabi, hoton ya ragu ƙasa da milimita 8. Abin da za a gani shi ne 19 da rana, 19 da yamma. Nisanta bai canja ba, saboda kilomita miliyan 150 ne, 'yan dubban da muka juya ba su taɓa shi ba. Da ranar kusa ta faɗi, gwajin Safiyo ya tsaya da ƙafarsa.

Game da nisa kuma, magabata ba su da waya. Wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya tura masana falaki filin Sinjar a ƙasar Iraƙi ta yau. Suka auna tafiyarsu arewa da kudu har tsayin rana ko taurari a sama ya canja da digiri ɗaya, suka sami mil 56 da biyu bisa uku na Larabawa. Ya yi kusa ƙwarai da kilomita 111 ɗin nan.

Hassan Mai Dish: Ni dai sana'ata ta ishe ni hujja. Taurarin talabijin suna jere sama da ikwaita, tsayin kilomita 35,786. A Kano idan za a kamo Nilesat da ke digiri 7 yamma, ana fuskantar kudu maso yamma, ɗagawa wajen digiri 67. Badr na Arabsat da ke 26 gabas, kudu maso gabas, wajen 65. A Landan kwandon da ke kallon 28 gabas kusan a tsaye yake jikin bango, ɗagawarsa wajen 25. Lissafin da ke fitar da waɗannan lambobi na ƙwallo ne, kuma in aka kauce digiri biyu hoto ya ɗauke. Masu koyo su kula, kwandon da hannunsa ke ƙasa yana kallon sama da inda fuskarsa ta nuna da digiri ashirin da 'yan kai, shi ya sa yaro zai rantse lambar ba daidai ba ce.

Injiniya Zainab: Haka yake a turakun sabis. Idan za a haɗa turke biyu da ke kilomita 40 tsakani da siginar da ke tafiya a miƙe, sai an lissafa tudun da lanƙwasar ƙasa ta yi a tsakiya. Nisan farko sau nisa na biyu, a raba da 17: 20 sau 20 a raba da 17, mita 23 da rabi. Wannan kafin a ƙara bishiya, gini, da sararin da sigina ke buƙata. 17 ɗin ya riga ya haɗa da 'yar lanƙwasar da iska ke yi wa siginar. Ba don ita ba da 12.7 ne, tudun ya haura mita 31.

Malama Hajara: To batun jirgin ruwa da gindinsa ke fara ɓacewa fa? Shi ne a littafin ɗalibai. Za a iya yinsa a Tiga ko Kainji?

Safiyo Bello: Za a iya, amma shi ya fi kowanne saurin ba da kunya. Iyakar ganin mutum a kan ruwa, a kilomita, ita ce 3.57 sau sikwaya rut na tsayin idonsa a mita. Ido a mita 2, kilomita 5. Abin da ya ɓuya bayan nan: a cire 5 ɗin daga nisan abin, a ninka saura da kansa, a ninka da 0.0785. Kwalekwale a kilomita 10, mita 1.9 na ƙasansa sun ɓuya. A kilomita 15, mita 7.8. Waɗanda ke yawo da lissafin lanƙwasar ƙasa na "inci 8 sau mil sau mil" suna mantawa da cire tsayin ido, shi ya sa suke cewa ga abin da bai kamata a gani ba ana gani.

Matsalar ita ce iskar da ke dab da ruwa. Idan ruwan ya fi iska sanyi, haske yana lanƙwasowa ya bi ƙasa, a hango abin da ya kamata ya ɓuya. Idan ruwan ya fi ɗumi, sai kawalwalniya ta cinye gindin abu tun bai kai ba. Wannan ne ya ruɗi Samuel Rowbotham a 1838 a wani miƙaƙƙen magudanar ruwa na Bedford a Ingila: ya sa madubinsa na hangen nesa dab da ruwa, ya hango jirgi a mil 6, ya ce ƙasa a shimfiɗe take. A 1870 Alfred Russel Wallace ya maimaita a wuri ɗaya, ya ɗaga madubi da alamomi wajen mita 4 sama da ruwa, ya kafa ɗaya a tsakiya. Ta tsakiyar ta fito sama da na gefe biyu.

Idan za a yi, a yi shi haka: madubin hangen nesa a kan ƙafa, a duba abu ɗaya daga tsayi biyu, rabin mita da kuma mita 4 ko 5, cikin 'yan mintuna. Idan gindin abin ya bayyana da aka hau sama, ba nisa ne ya ɓoye shi ba, ruwa ne ya tare. Ƙara ƙarfin madubi ba ya dawo da abin da ruwa ya tare. A kuma guji lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu wata rana kilomita biyu ma ba a gani.

Malam Habu Damagaram: Na dare ya fi sauƙi. Tsayin tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da digirin garin, da kuskuren da bai kai digiri ɗaya ba. Legas 6 da rabi, Kano 12, Damagaram kusan 14, Agadas 17. Wanda ya tsallaka ikwaita ya yi kudu sosai ba ya ganinsa sam. A ɗauki ma'aunin kusurwa na cikin gwangwanin lissafin 'yan makaranta, a liƙa tsinken shan lemo a miƙaƙƙen gefensa, a rataya zare mai nauyi daga tsakiya. A leƙa tauraron ta tsinken, wani ya karanta inda zare ya tsaya, a cire daga 90. A fita bayan gari, don yana ƙasa-ƙasa kuma ba shi da haske sosai. A daren Afrilu da Mayu a juya kudu, za a ga taurari huɗun nan masu siffar gicciye, wajen digiri 15 zuwa 20 sama, waɗanda mutumin Landan bai taɓa gani daga gidansa ba.

Aminu Gusau: Allah gafarta Malam Ibrahim, kana nan shiru. Wasu iyaye za su ce ana koya wa yara saɓa wa nassi.

Malam Ibrahim Zariya: Ina biye da ku. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tabbatar da cewa ƙasa mulmulalliya ce, ya kafa hujja da aya ta 5 a Suratuz Zumar. Ibn Taimiyya ma a kan haka yake. Abu idan ya yi girma ƙwarai, kowane yanki nasa shimfiɗa ne ga wanda ke kai. Kuma Biruni ya auna girman ƙasa daga kan wani tsauni a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ta hanyar duba yadda iyakar gani ta sunkuya, kusan rabin digiri.

Amma ga abin da iyaye za su gani da idonsu. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da 10:27. A wannan mintin, wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Lissafin ƙwallo ya ce alƙiblar Kano digiri 68 ce daga arewa, wato gabas da karkata arewa da 22, kuma inuwar sandar mita 1 za ta zama santimita 61. A rubuta lambobin a allo tun jajibiri, a fito da safe a auna. Da wannan lissafin ne masallatan New York ke fuskantar arewa maso gabas, alhali Makka ta fi su kusa da ikwaita nesa ba kusa ba.

Dakta Lawal: Hanyar Biruni kam kada a ba ɗalibai. Kusurwar minti talatin da 'yan kai ce (minti 60 ne digiri ɗaya), kuskuren minti ɗaya yana motsa amsa da kashi 6 cikin ɗari, ga lanƙwasar haske a kai. Ta alƙibla kuwa ta yi, in hadari ya bari.

Ba a ambaci husufin wata ba. Inuwar duniya a kan wata kullum bakinta a lanƙwashe yake, ko watan yana fitowa, ko yana tsakar ka, ko yana faɗuwa. Faifai yana ba da inuwa zagayayya ta fuska ɗaya kawai, in aka karkata shi sai ta zama siririya. Aristotle ya kawo wannan tun ƙarni na huɗu kafin Miladiyya. Duk mai hotunan husufin 27 ga Yuli 2018 ya buga ɗaya a takarda, na lokacin da inuwa ta ci rabin wata, ya cika da'irar inuwar da kamfas. Faɗinta zai fito wajen ninki biyu da rabi zuwa uku na faɗin watan.

Hassan Mai Dish: Wasu na cewa kamar ƙwai take.

Injiniya Zainab: A'a. Ƙwai dogo ne ta tsaye, ita kuwa ɗan dannuwa ta yi ta sama da ƙasa. Daga tsakiya zuwa ikwaita kilomita 6,378, zuwa ƙuryar arewa 6,357. Kashi ɗaya cikin 298. A ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 bai kai milimita ɗaya ba.

Malama Hajara: To zan haɗa uku: bututun Dakta a makon farko tunda aji ɗaya ya isa, sanda da inuwa ranar 21 ga Disamba tare da makarantar Makurɗi, sai na alƙibla a Mayu. Safiyo, ɗalibai nawa a kan sanda ɗaya?

Safiyo Bello: Huɗu: mai zare, mai alli, mai agogo, mai rubutu. A kafa sanduna biyar a wurare daban na filin, a jera amsoshin, a ɗauki ta tsakiya. Wadda ta kauce da fiye da santimita 1 a sake duba lebur ɗin wurin kafin a zargi yaran. Kuma a aika wa Makurɗi hoton yadda aka huda gwangwanin, don su ma su auna daga huda, ba daga kan sanda ba.